Hunturu da Wutar da Muke Kwana da Ita

Da zarar an gama girbi, dammunan gero da dawa sun shiga rumbu, sai gaisuwa ta sauya. A daina tambayar ruwa, a koma "ya sanyi?", amsar kuwa ɗaya ce ko a Kano ko a Damagaram: "lokacinsa ne." Daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Maris iskar arewa maso gabas ce ke mulki, busasshiya, ɗauke da ƙura. Kaso mai yawa na ƙurar nan daga arewacin Chadi yake tasowa, daga kwarin Bodele, inda a da can ruwan tafkin Chadi ya kai kafin ya janye ya bar farar ƙasa mai laushi. Iska takan matso ta tsakanin duwatsun Tibesti da na Enedi, ta ƙara ƙarfi, ta kwashi ƙasar ta yo kudu maso yamma da ita. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai a wayi gari a Maiduguri da Kano hazo ya rufe sama, jirage sun kasa sauka.

Sanyin dare kuwa ba iskar kaɗai ke kawo shi ba. Idan sama ba gajimare, iska kuma ba laima, duk zafin da ƙasa ta sha da rana yakan tsere da zarar rana ta faɗi. Shi ya sa a Kano, cikin Disamba da Janairu, ma'aunin zafi kan kusa digiri 30 da azahar amma ya sauko wajen 13 kafin asuba, wani lokaci ƙasa da haka. A Jos, wadda ke kan tudu mai tsawon kimanin mita 1,200, yakan faɗo ƙasa da 10. A duwatsun Azbin kuwa akwai dararen da ruwa kan kusa daskarewa.

Wanda ya zauna Rasha ko Kanada zai ce wannan ai ba sanyi ba ne, kuma a ma'auni gaskiyarsa. Sai dai su domin sanyi suka gina gidajensu, da bango mai rufi biyu da bututun ɗumi a kowane ɗaki. Namu ɗarin gajere ne: makonni kaɗan a shekara, sa'o'i kaɗan a dare, daga tsakar dare zuwa hantsi. Saboda gajartarsa ba mai ɗora harsashin gida da shi a rai. Kowace shekara sai ya zo ya tarar da mu ba shiri, mu kuma mu tare shi da abin da ya fi kusa da hannu, wato wuta. Ɗarin ƙasar Hausa da wuya ya kashe lafiyayyen mutum mai rufi da mayafi, amma dabarun da muke yi don korarsa suna kashe mutane duk shekara, wani lokaci iyali guda a dare guda. Wannan ne ya sa na ga maganar ta wuce a bar ta a bakin mai shayi.

A fara da kaskon garwashi, domin shi ya fi yawa kuma shi aka fi raina haɗarinsa. An gama tuwon dare, akwai ragowar garwashi a murhu ko a kurfoti, sai a kwashe a kasko a shiga da shi ɗaki. A rufe ƙofa, a tura tsumma ƙarƙashinta, a toshe taga da kwali ko leda. Ɗaki ya yi ɗumi, yara su yi barci. Uwargida ta dubi garwashin ta ga ya yi jawur ba hayaƙi, hankalinta ya kwanta, domin a saninta hayaƙi ne ke cutarwa. To a nan kuskuren yake. Gawayi idan yana ci a inda iska ba ta wadata ba yakan fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari ko hawaye. Idan aka shaƙe ta takan kama jini da ƙarfin da ya ninka na iskar numfashi fiye da sau 200, ta hana shi kai iska ga ƙwaƙwalwa da zuciya. Wanda ke farke zai ji ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala. Mai barci ba zai ji komai ba, barcinsa ne kawai zai ƙara nauyi. Ko wanda ya farka ya gane akwai matsala yakan tarar ƙafafunsa sun ƙi kai shi bakin ƙofa.

Da safe idan aka ɓalle ƙofa aka tarar da mutane a sume ko sun cika, ba rauni ba ƙuna, sai zargi ya tashi. Wasu su ce guba aka sa a abinci, wasu su ce sammu ne, wasu su ce mutanen ɓoye ne. A fara kallon kishiya ko maƙwabci, alhali mai laifin yana tsakar ɗakin ya zama toka. Akwai alamar da ya kamata kowane magidanci ya riƙe: idan mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai lokaci guda, ciwon kuma ya lafa da suka fita waje, to a binciki abin da ke ci a ɗakin. Idan an tarar da wanda ya galabaita, a buɗe ƙofa da tagogi, a fitar da shi sarari, a garzaya asibiti, domin iskar numfashi ta tukunya yake bukata. Ɗura masa manja ko madara ba ya cire gubar daga jini, kuma idan a sume yake zai iya shaƙewa.

Janareto ma irin wannan gubar yake fitarwa, har ya fi gawayi. Tsoron ɓarayi kan sa a shigar da shi baranda, ko ƙarƙashin bene, ko kicin, a lokacin da aka rufe ko'ina saboda sanyi. Wurinsa waje ne, nesa da taga da ƙofa da kimanin mita 6, bakin hayaƙinsa yana kallon inda ba ɗaki. Wanda ke tsoron a sace shi ya sa a yi masa kejin ƙarfe da kwaɗo. Akwai kuma 'yar na'ura mai batir da ake maƙalawa a bango, tana ƙara idan gubar ta taru. Duk gidan da ke kunna janareto da dare ya cancanci ya mallake ta.

Na san abin da za a ce: kakanninmu da wuta suke kwana a ɗaki, me ya same su? Da farko dai su ma sun sha hayaƙi, sun sha gobara. Sannan ɗakinsu ba irin namu ba ne. Ɗakin jinka yana numfashi ta rufinsa, ƙofarsa asabari ce, iska na shiga tana fita ko an so ko ba a so ba. Soro kuwa bangonsa na tubali mai kauri ne, yana shan zafin rana a hankali ya riƙa sakinsa cikin dare, don haka bai cika bukatar wuta mai yawa ba. Suna da gadon ƙasa ma, wanda ake hura wuta a ƙarƙashinsa tun da yamma, ƙasar ta ɗauki zafi ta riƙe. Ɗakin yau bulo ne da siminti, da tagar gilashi, da ƙofar ƙarfe, da tayil a ƙasa, da kwano a sama. Kwano da bulo ba sa riƙe ɗumi, gilashi da ƙarfe kuma ba sa barin iska ta wuce. Mun ɗauko al'adar ɗakin da ke numfashi mun kai ta ɗakin da ba ya yi.

Gobara ita ce fuska ta biyu. A hunturu laimar iska kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, komai ya bushe ƙamas: zana, danga, katifa, labule, katakon rufi, harawar da aka jibge a kan soro, karan dawar da aka jingina da katanga. Ga iska mai rura duk abin da ya kama. A dubi watannin da manyan kasuwanninmu suka ƙone: babbar kasuwar Jos a Fabrairun 2002, ta Sabon Garin Kano a Maris ɗin 2016, babbar kasuwar Sakkwato a Janairun 2021, ta Katsina a Maris ɗin shekarar. Musabbabin kowacce daban ne, amma duk cikin rani suka faru, lokacin da ƙaramar wuta ba ta jiran kowa. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

A cikin gida, mafarin gobarar hunturu sanannu ne. Akwai turaren wuta, wanda akan kifa wa kabbasa a shanya tufafi a kai, a fita tsakar gida hira, gefen mayafi ya zame ya taɓa garwashi. Akwai kyandir da aka liƙa a kan akwati ko bakin gado. Akwai tsohuwa da ta jawo kasko tsakanin ƙafafunta ta lulluɓe da zane, gyangyaɗi ya ɗauke ta. Yadin roba na zamani kuwa idan ya kama narkewa yake yi ya manne da fata. Amma a birni babu kamar hitar dafa ruwa. An tsoma ta a bokitin roba don ruwan wankan 'yan makaranta, sai aka ɗauke wuta. Kowa ya manta da ita, aka kulle gida aka fita. Da aka dawo da wuta ruwan ya tafasa ya ƙone, hita ta narkar da bokiti, bokiti ya kama ledar ɗaki. Dokar da ya kamata a kafa a gida ita ce: duk wanda ya ga an ɗauke wuta, kafin ya nemi tocila ya zare hita da dutsen guga daga soket.

Hitar ɗumama ɗaki tana da nata haɗarin. Da yawa daga cikin irinta wat 2,000 suke ja, abin da fankar sama fiye da ashirin ke ja a haɗe. Idan aka jona ta a siririyar wayar ƙari ta kasuwa, wadda aka riga aka loda wa talabijin da cajar waya, wayar ce za ta yi zafi ta narke a bayan kujera inda ba mai gani. A jona ta kai tsaye a soket ɗin bango, a bar tazarar mita guda tsakaninta da labule ko gado, kada a shanya komai a kanta. Ga kuma tsada. A Afrilun 2024 an mayar da kuɗin yunit ɗaya na wutar lantarki Naira 225 ga masu rukunin A a Nijeriya. Hita mai wat 2,000 idan ta kwana sa'a takwas tana aiki ta ci yunit 16, wato Naira 3,600 a wannan farashin, a dare ɗaya, a ɗaki ɗaya. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 rayuwa ta ƙara tsada, gidaje da yawa suka koma gawayi da itace, don haka kaskon da nake magana a kai ƙaruwa yake yi.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba. Gidajenmu na birni mun ɗaure su da ƙarfe saboda ɓarayi: ƙarfe a kowace taga, ƙofa biyu, kwaɗo uku. Ranar gobara ƙarfen nan ba ya bambance mai gida da ɓarawo. A sa maƙeri ya gyara ƙarfen taga ɗaya aƙalla ta yadda za a iya buɗe shi daga ciki, makulli kuma ya kasance yana da wuri guda da kowa ya sani, har yara, wanda za a iya lalubowa cikin duhu. A unguwannin da motar kashe gobara ba ta iya shiga lungu, bokitin yashi a bakin kicin da lambar 'yan kwana-kwana a wayar kowa ba ƙaramin tanadi ba ne. Wutar mai a tukunya ba a zuba mata ruwa, murfi ake kifa mata. Wutar lantarki sai an sauke babban makunni tukuna. Wanda tufafinsa suka kama kada ya ruga, ya kwanta ya yi birgima, a lulluɓe shi da bargo. Ƙuna kuma ruwa mai sanyi take so na tsawon minti 20, ba ɗanyen ƙwai ko man goge baki ko baƙin mai ba.

To da me za a ji ɗumi? Tunda sanyin na 'yan sa'o'i ne, ya fi sauƙi da arha a ɗumama jiki da shimfiɗa maimakon a ce sai an ɗumama iskar ɗaki gaba ɗaya. Riga biyu ko uku marasa kauri sun fi guda ɗaya mai kauri, domin iskar da ke tsakaninsu ita ke tsare ɗumi. Hula da safa suna aiki fiye da kuɗinsu, ga su kuwa jibge a gwanjon Ƙofar Wambai da kowace kasuwar ƙauye. Mai kwana a ƙasa ya sani siminti da tayil sun fi iska zuƙe ɗumin jiki, don haka abin da ke ƙarƙashinsa ya kai abin da ke samansa muhimmanci: tabarma, kwali, sannan katifa. Tagar da ke kallon arewa da gabas ita iska ke bugu, ita ta fi bukatar labule mai kauri. Ta kudu kuwa a yaye labulenta da rana, domin a watannin nan rana ta kudu take karkata. Wanda ke da hali ya sa silin, zai ci moriyarsa a hunturu ya ƙara ci a bazara. Baƙar jarka idan aka cika ta aka ajiye a rana tun hantsi, da la'asar ruwanta ya isa wanka, abin da ya rage a zuba a filas don alwalar asuba.

Tsofaffi su ne suka fi wuyar rabuwa da kasko, kuma suna da hujja, domin jininsu ba ya kai ɗumi ƙafa kamar na yaro. Za ka ce, "Inna, bari in fitar da wutar nan kafin ki kwanta," ta ce, "Kai dai bar min abata, ƙafafuna sun daskare." Gardama ba ta raba wannan. A bar ta ta ji ɗumin a zaure ko a ɗaki ƙofa buɗe, tana zaune ana hira. Idan lokacin kwanciya ya yi a fitar da kaskon a kashe, a cika gora mai murfi da ruwan ɗumi, a naɗe da tsumma, a sa mata a gindin bargo. Ruwan kada ya zama tafasasshe, musamman ga mai ciwon suga, wanda ƙafarsa kan ƙone bai ji ba.

Ko ba wuta a ɗaki, toshe kowace kafa yana da illa. Ƙasarmu tana cikin yankin sanƙarau, wanda ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha, cutar kuma da rani take tashi, lokacin da ƙura da bushewa suka raunata hanci da maƙogwaro, mutane kuma suka cunkushe a ɗakin da iska ba ta zagayawa. A 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000. Allurar rigakafin da aka fara yi a Nijar da Mali da Burkina Faso a 2010 ta karya lagon nau'in da ya fi ɓarna, a 2024 kuma Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai tare nau'i biyar. Duk da haka, zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya maganar asibiti ce a ranar. A bar wata kafa a sama ko da an rufe ƙasa. Masu sikila sanyi da ƙarancin ruwa a jiki ke tayar musu da ciwo, kuma a hunturu ƙishirwa ba ta damun mutum, sai an tuna masa ya sha. Jariri sabon haihuwa a jinkirta masa wanka zuwa bayan sa'a 24, a sa masa hula, a manna shi da ƙirjin uwarsa. Mai asma ya sa takunkumi ranar hazo, mai shara ta yayyafa ruwa kafin ta ɗauki tsintsiya, kayan ɗaki a goge su da jiƙaƙƙen tsumma. Kaushi da faso da tsagewar leɓe kuwa man kaɗanya ya ishe su, in an shafa shi jiki na da sauran danshi.

Hunturu kuma lokacin taro ne. Amfanin gona ya shigo, makarantu sun yi hutu, bukukuwan aure sun jeru a Disamba, Kiristocin Jos da kudancin Kaduna da Wusasa na shirin Kirsimeti da sabuwar shekara. Gidan mutum takwas ya koma na talatin. A girka manyan tukwane a tsakar gida iska na kaɗa harshen wuta, yara na zagaye da su, an ɗauko janareton haya an ajiye inda aka samu wuri, ɗakin baƙi an shimfiɗa wa mata goma an rufe. Duk abin da na lissafa a sama yana haɗuwa a irin wannan rana, kowa kuma hankalinsa na kan hidima. Ya kamata a ɗora wa mutum ɗaya, babba mai natsuwa, alhakin zagayawa kafin a kwanta: murhu ya mutu, gas a rufe daga kan tukunya, ba kasko a kowane ɗaki. Masu kulle gida su tafi ganin gida su sauke babban makunnin wuta, su bar makulli wurin maƙwabcin da suka amince da shi. A hanya kuma, ranar da hazo ya yi kauri gara a jira gari ya waye sosai, a kunna fitila ko da rana ce, a sassauta gudu a inda ake ƙona daji.

Azumi ma yana shigowa cikin ɗari. Shekarar Musulunci ta gaza ta Turawa da kimanin kwana 11, don haka ana sa ran azumin 2027 a farkon Fabrairu, na 2028 a ƙarshen Janairu, a 2030 kuwa sau biyu zai zo, ɗaya a farkon Janairu ɗaya a ƙarshen Disamba. Shekaru masu zuwa girkin sahur zai riƙa faɗowa a sa'ar da sanyi ya fi tsanani, mai girkin ido cike da barci, ta shigar da kurfoti ɗaki ta rufe ƙofa don kada iska ta dame ta. Maigida ya tanadi wurin girki mai kariya daga iska amma buɗe ta sama, tun kafin watan ya kama.

Saura mutanen da ke cikin gida amma ba a lissafa su idan ana rabon bargo: 'yar aiki mai kwana a kicin, almajirin da ke kwana a zaure, da maigadi. Almajiri yakan shiga hunturu da riga ɗaya, ƙafa duk faso, ya kwana a kan siminti; tsohuwar rigar sanyin yaran gida da buhu biyu na shimfiɗa suna sauya masa dare. Maigadi kuwa shi ya fi kowa shiga haɗarin da na fara da shi. Ɗakinsa ɗan ƙarami ne a bakin ƙofa, sau da yawa ba taga, yana zaune tun magariba iska na dukansa, ƙarfe uku na dare ya ja gwangwanin garwashinsa ciki ya turo ƙofa. Wanda ya ɗauke shi aiki shi ke da alhakin wannan ɗaki. A ba shi bargo biyu da katifa da rigar sanyi mai hula, a sa magini ya fasa ƙaramar taga a saman bangon, wutar da zai ji ɗumi kuma a ware mata wuri a waje, nesa da inda ake ajiye mota da jarkokin fetur.